Kurakuran da 'yan birni ke yi in sun ɗauko binciken noma sun nufi gona

Tun da abinci ya yi tsada, kowa a Kano ya zama manomi. Ma'aikacin gwamnati, ɗan kasuwar Kwari, matashin da ya gama hidimar ƙasa, kowa ya karɓi hayar gona a Gezawa ko Minjibir ko Kura. Na ji daɗin haka. Abin da ya ishe ni shi ne duk damina sai na ga sababbin shiga sun afka ramin da na taɓa afkawa, kuma da magana ɗaya a bakinsu: "Ai bincike ya nuna." Binciken ba ƙarya ba ne. Ga tashar binciken noma ta IITA nan cikin gari ta daɗe tana aiki a kan wake, ga ICRISAT masu gero da dawa da gyaɗa, ga cibiyar noman tsandauri ta Jami'ar Bayero, ga kuma cibiyar binciken noma ta IAR ta Samaru da ke Zariya tun 1922. Ɓarnar daga wajenmu take, wajen ɗauko abin da suka gano mu kai gona.

Babban kuskure, wanda ya taɓa cinye mini damina guda cur, shi ne juye gona gaba ɗaya da sabon abu. Na karanta cewa akwai ingantaccen wake mai nuna cikin wata biyu da 'yan kwanaki, na ga yawan amfanin da aka samu a filin gwaji, kaina ya ɗau zafi. Na share gonar da na gada, na fasa sa gero, na shuka waken zalla. A wannan shekarar kuma na sauya taki, na rage tazarar shuka, na ja lokacin shukar baya. Abu huɗu a tashi ɗaya.

Dattijon da muke iyaka da shi ya tsaya a bakin kunya ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ɗan nan, ka bar ko kunya goma ka sa namu na gida mana." Na ce, "Baba, ai wannan na masana ne." Ya ce, "To, Allah ya ba da sa'a," ya saɓa fartanyarsa ya wuce.

Waken ya yi kyau, kore shar, har ina ɗaukar hoto ina turawa abokai. Da ya fara fure sai na ga furen yana zubewa. Na tsinko kwanso ɗaya na ɓare, sai ga tsutsa a kwance a ciki da kashinta da wata 'yar saƙa kamar ta gizo-gizo. Tsutsar maruka ce. Ashe a filin da aka samu wancan amfanin, feshi ake yi sau biyu zuwa uku: lokacin da fure ke shirin fitowa, lokacin da ya buɗe, da lokacin ɗaura kwanso. Duk yana rubuce a takardar. Ni ne na karanta lambar ƙarshe na tsallake tsakiya. Abin da na kwasa bai biya kuɗin huɗa ba, kuma da yake irin ba mai yaɗo ba ne, harawar kirki ma ban samu ba. Da rani sai da na riƙa sayen harawa ina kai wa raguna a gida.

Asarar kuɗin ba ita ta fi ci mini rai ba. Da na zauna lissafi, na kasa gane me ya kashe ni. Irin ne? Rashin feshin ne kaɗai? Cunkoson shukar? Lattin? Babu kunya ko ɗaya da aka yi yadda aka saba da zan kwatanta da ita. Na biya kuɗin makaranta mai tsada na fito ban koyi komai ba.

Yanzu ga yadda nake yi, kuma ban ce kowa ya yarda ba. Abu ɗaya tak nake sauyawa a damina. Kunya goma sabon abu, kunya goma na kusa da su yadda na saba, rana ɗaya ake shuka, rana ɗaya ake noma. Ina maimaita wannan a wuri uku cikin gonar, domin gona ba ɗaya take ba: gindin gawo daban, kan tudu daban, inda Fulani suka taɓa zama da shanu daban. In ka sa sabon iri a inda shanu suka kwana, ko tsakuwa ka shuka sai ta burge ka. Da kaka kuma sikeli nake sawa, ba na yarda da "ai wannan ya fi cika ido". Komai yana cikin wani littafi mai bangon leda da ke aljihun babur. Sai abu ya ci damina biyu a jere nake ba shi rabin gona. A haka na gwada tsarin layi biyu na dawa da layi huɗu na wake da masu bincike a nan Kano suka yaɗa, ya karɓe ni, har yau shi nake yi.

Masu sayen SAMPEA 20-T, waken da aka fitar a 2019 mai jure maruka, ku ma ku karanta tsakiyar takardar. Maruka kaɗai yake karewa. Sauran ƙwarin da ke tsotse kwanso suna nan, feshin raguwa ya yi, bai ƙare ba.

Takin yuriya kuma, don Allah a daina watsa ta a kan busasshiyar ƙasa a juya a tafi. Kashi 46 cikin 100 na buhun nan sinadarin naitirojin ne, kuma in ya kwana a fili cikin zafin rana, wani kaso yana bin iska. Tona ɗan rami gefen shuka, nesa da gindin kamar tsawon yatsa, ka zuba ka rufe, ƙasa da danshi. Masara mai aure, wato wadda masana suka haɗa iri biyu suka samar, ba a ajiye 'ya'yanta a sake shukawa, baɗi sai ta fito wata doguwa wata gajeriya. Wuta-wuta a tumɓuke ta kafin ta yi fure, don tsiro ɗaya yana zubar da dubban ƙwayoyi da ke iya fin shekara goma a ƙasa suna jira. Gawo kuwa kada a sare shi da sunan sharar gona: da damina yake kaɗe ganyensa, ba ya yi wa shuka inuwa, taki yake ba ta kyauta.

Kuskure na biyu da ya ƙona ni a ajiyar wake ne, kuma shi ya fi ba ni haushi don da hannuna na yi. Buhun nan mai ruɓi uku da ake kira PICS, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta fara yaɗawa a yankinmu a 2007, babu magani a cikinsa ko kaɗan. Leda biyu ne masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje. Ƙwarin da suka shiga da waken su suke shaƙe 'yar iskar da ta rage, sai su mutu da kansu. Duk sirrin a rashin iskar yake. Ni kuwa me na yi? Na haɗa bakin ledojin da na buhun na ɗaure da igiya ɗaya, na jingina su da bango a kan siminti. Ɓera ya huda biyu ta ƙasa. Na uku wani mai saye ne ya zo gani, kafin in yi magana ya zura ƙarfen nan mai tsini da ake ɗiban samfuri a kasuwar hatsi ta Dawanau, ni kuma na yi shiru don kunya. Bayan wata uku na kwance, gari ne ya tarye ni, wake duk ya huje, ƙwari suna tashi a fuskata. Uwargida ta leƙo ta ce, "Wannan ne buhun masanan?" Ban tanka ba.

Kowace leda ɗaurinta daban. Ka matse iskar, ka murɗe bakin, ka lanƙwasa shi, ka ɗaure, sannan ka koma ta biyu, sannan buhun. Kafin zuba komai, cika ledar da iska ka danna ka ji ko tana saci. A ɗora a kan katako, nesa da bango. Waken ya bushe sosai, ni cizawa nake, in bai ce ƙas ba ya koma shanya. Kuma ba buhun ɗiban na miya ba ne da za a buɗe kullum, a ware na ci daban.

Ku kuma masu cewa wannan wahala ce, gara a yayyafa fiya-fiya a wuce wurin, ku ji tsoron Allah. Saboda ragowar irin wannan guba Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wakenmu a 2015. Su sun ƙi, to wa ke ci? Mu ne, a ƙosan safe, a alala, a garau-garau ɗin da yaranmu ke saye a ƙofar makaranta. Na taɓa shiga wani sito hawaye na zuba saboda warin maganin, mai shi yana zaune a bakin ƙofa yana ce mini ai kafin a dafa ya fita. Wa ya auna ya gaya maka?

Takin bola da ake kwasa daga cikin gari zuwa gonakin kewaye tsohuwar al'adar Kano ce, da jakuna ake yi tun kakanni, ita ta riƙe ƙasar nan ana nomanta shekara da shekaru ba hutu. Sai dai bolar yanzu ba ta da ba ce. A tsince leda da batir da kwalba kafin a baza. Masu gyaɗa da masara da ke sayen Aflasafe don maganin gubar fumfuna, sati biyu zuwa uku kafin fure ake watsa shi, wanda ya bari sai ya ga fure ya makara. Ruwan farko na watan Mayu kuma yana yaudara. Ni ba na taɓa irin da na saya da tsada sai na tona na ga danshi ya kai tsawon tafin hannuna.