Yadda ake riƙe sabon shiga a cikin masu rubuta manhaja

Ɗan koyo ya kwafo layi ɗaya daga wani tsohon darasi, `print "sannu"`, ya buga shi a Python, wani harshen rubuta manhaja, don a nuna kalmar "sannu" a allo, sai kwamfuta ta watso masa saƙon kuskure. Ya duba, ya sake dubawa, ko harafi ɗaya bai ɓace ba. Sai da ya shafe awa biyu yana fama kafin ya cije ya kawo tambayar gaban waɗanda suka riga shi. Laifin ma ba nasa ba ne. Darasin na Python 2 ne, wadda aka daina kula da ita tun 1 ga Janairu 2020, kuma a Python 3 dole sai an sa abin da za a nuna cikin baka biyu. Amsar ba ta wuce jimla ɗaya ba. Amma yadda aka faɗi jimlar nan shi ne zai sa ya dawo gobe da wata tambayar, ko ya sulale ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Idan kai ke jagorantar wata ƙungiya ta masu rubuta manhaja, ga abin da za ka yi.

Mataki na farko: ka hana nuna mamaki

Ba zagi ne ya fi korar mutane ba, domin zagi kowa yana ganinsa ya tsawatar. Abin da ke korar su shi ne "Au, wai ba ka san wannan ba?" da kuma "Ai wannan abu ne mai sauƙi." Mai faɗa yana ganin hira yake yi, mai ji kuwa ya riga ya sha jinin jikinsa. Recurse Center, wata cibiyar masu rubuta manhaja a birnin New York na Amurka, ta rubuta ƙa'idojin zama guda huɗu, kuma biyu daga ciki a kan wannan suke: kada ka yi mamakin ƙarya idan wani ya ce bai san abu ba, kuma kada ka katse mutum don gyara wani ɗan ƙaramin abu da bai shafi maganar da ake yi ba. Ni da za a ce in zaɓi ƙa'ida ɗaya tak, ta farkon zan ɗauka. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, kuma a wurin da ba a ganin fuska, irin intanet, kalmomin farko su ne fuskar.

Mataki na biyu: kada tambaya ta kwana babu amsa

Shiru ma amsa ce, kuma sabon shiga yakan fassara shi da cewa tambayarsa ta wauta ce. Ku raba kwanaki tsakanin mutum uku ko huɗu, kowa da ranar da zai leƙa ya ga wa aka bari a tsaye. Ko da mai ranar bai san amsar ba, ya ce ya gani, ya kuma kira wanda ya sani.

Mataki na uku: ka koya masa tambaya a lokacin da kake amsawa

Mai farawa yakan ce "manhajata ba ta aiki," ya yi shiru. Bai san me ake bukata ba, don haka kada a ɗora masa laifi. Ka tambaye shi abu uku: me kake son ya faru, me ka rubuta, kuma me kwamfuta ta ce? Ka roƙe shi ya kwafo saƙon kuskuren gaba ɗaya, kada ya ba da labarinsa da ka. Bayan sau biyu ko uku, da kansa zai riƙa zuwa da su.

Tambayar farko ta fi sauran muhimmanci. Wata za ta zo ta ce tana son ta ciro haruffa uku na ƙarshe daga sunan fayil. Kana iya ba ta layin da zai yi hakan cikin daƙiƙa goma, ta yi godiya ta tafi. Amma da ka ce "me za ki yi da su?", da ka gano cewa nau'in fayil ɗin take son sani. Dabarar haruffa uku za ta yi aiki a kan `.txt`, ta karye a kan `.html` mai huɗu da `.py` mai biyu. Python tana da `os.path.splitext` da aka tanada don wannan aikin. Wanda ya amsa abin da aka tambaya kawai ya ba ta amsa daidai, kuma ya tura ta rami.

Mataki na huɗu: kada ka rubuta masa komai

Akwai gwanin da saboda kirki zai share duk abin da ɗan koyo ya rubuta, ya kawo nasa mai kyau. Ɗan koyon zai kwafa, abin ya yi aiki, bai kuma san dalili ba. Gara ka nuna masa layin da matsalar take, ka bar shi ya gyara da hannunsa. Ka nuna masa cewa a Python ana karanta saƙon kuskure ne daga ƙasa: layin ƙarshe ke faɗin irin kuskuren, na samansa kuma su nuna fayil da lambar layin da abin ya tsaya. Mutane da yawa sukan daɗe suna tsoron wannan tarin rubutu, alhali taimakonsu yake yi.

Mataki na biyar: tambayoyin da ba sa ƙarewa

Duk wata sai wani ya zo a firgice ya ce kwamfutarsa ba ta iya lissafi ba, domin ya haɗa 0.1 da 0.2 ta ba shi 0.30000000000000004. Tsofaffin hannu sun gaji da wannan, kuma suna da gaskiya. Ku rubuta amsa mai kyau sau ɗaya ku ajiye: kwamfuta tana adana lambobi ne da sifili da ɗaya, kuma 0.1 ba ta rubutuwa cif-cif a wannan tsari, kamar yadda ɗaya bisa uku ba ta ƙarewa a namu lissafin. Idan tambayar ta sake zuwa, a nuna masa inda amsar take tare da jimla ɗaya ta maraba. "An riga an amsa, je ka nema" kora ce. Wanda ya gaji kuma yana da damar yin shiru.

Mataki na shida: ka ba shi ɗan aiki

Mutum ba ya jin shi ɗan gida ne sai ya sa hannu. A GitHub, shafin intanet da masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu su yi shi tare, akwai alamar da ake liƙa wa ƙananan ayyuka, `good first issue`, wato aikin da ya dace da mai farawa. Ku ware irinsu, kuma gwanaye su kau da kai su bar su. Idan ya kawo aikinsa, kada a jero masa gyara goma sha biyar. A zaɓi biyu da suka fi muhimmanci, a faɗi dalilin kowanne.

Mataki na bakwai: gwani mai kaifin baki

Nan ne yawancin shugabanni ke ja da baya. Mutumin da ya fi kowa sani shi ne sau da yawa ya fi kowa gwale mutane, kuma ana tsoron a yi masa magana kada ya yi fushi ya tafi. Amma ba wanda ke ƙirga mutanen da suka tafi shiru saboda shi. Ko Linus Torvalds, wanda ya fara Linux, manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, a 1991 kuma ya yi suna wajen zafin harshe, ya fito a watan Satumba 2018 ya nemi afuwa, ya ɗan janye daga aikin na wasu makonni, kuma a lokacin ne Linux ta ɗauki sabbin ƙa'idojin mu'amala a rubuce.

Ku ma ku rubuta naku, gajeru, da sunan wanda ake kai wa ƙara. Idan gwani ya yi wa sabon shiga dizgi, ka fara amsa tambayar da kyau a gaban kowa, domin mai tambayar ya ga ba a bar shi shi kaɗai ba. Sannan ka ja gwanin gefe, ka nuna masa ainihin jimlar da ya faɗa. Da yawa ba su san tana ciwo ba, kuma magana ɗaya ta ishe su. Wanda ya maimaita bayan gargaɗi biyu, a dakatar da shi na ɗan lokaci, komai iyawarsa.

Nan da wata biyu wani zai zo da `print "sannu"`. Kada ka yi saurin amsawa. Ka kira wanda ya yi tambayar a baya, ka ce masa wannan tasa ce.