Yadda za ka gane reflexive da intensive ba sai ka yi hadda ba

Yaran da nake yi wa lesin da yamma a nan Agege, masu shirin WAEC da JAMB, kusan kullum a wajen bambance reflexive da intensive pronouns na Turanci suke tuntuɓe, kuma wallahi abin yana damuna domin Bahaushe ya kamata ya riga kowa ganewa tunda abin yana bakinsa tun yana ƙarami.

Kalmomin dai iri ɗaya ne a duka biyun, myself, yourself, himself, herself, itself, ourselves, yourselves, themselves. Aikinsu ne ya bambanta.

Toh in ka ci karo da ɗaya a jimla, fara mai da ita Hausa a zuciyarka. Ɗan dako a Mile 12 yana sauke buhun albasa sai ya zame, "He hurt himself", ya ji wa kansa ciwo kenan, shi ya yi aikin kuma a kansa aikin ya ƙare, wannan shi ne reflexive. Amma "Alhaji himself came to the shop" fa, Alhaji da kansa ya zo shago, ba yaronsa ya turo ba. Ka ji wannan "da" ɗin? In Hausar ta ba ka "da kansa" ko "shi kansa" to galibi intensive ne, jaddadawa kawai yake.

In har yanzu kana kokwanto sai ka cire kalmar ka sake karantawa. "Alhaji came to the shop" lafiya lau take. "He hurt" kuwa ta gurgunce, sai ka tambaya wa ya ji wa ciwon.

Kar wurin zamanta ya ruɗe ka, yara da yawa da sun ga kalmar a ƙarshe sai su zaɓi reflexive, alhali "I fixed the generator myself" ni da kaina na gyara janaretan, intensive ne duk da ta koma can ƙarshe.

Sai abin da kunnenmu ya saba ji a danfo da kasuwa, "Musa and myself went to Oshodi", a jarabawa kuskure ne, "Musa and I" ake so. Haka "they love themselves" in ana nufin suna son juna, juna each other ne, themselves kuwa kowa kansa yake so. Hisself da theirselves kuma don Allah ƙannena ko a zaɓi kuka gan su ku tsallake.