Kurakuran da aka fi yi wajen ɗaukar hoton masunci a bakin teku

Akasarin hotunan masunta da ake ɗaukowa daga bakin teku, idan ka duba da kyau, hotunan teku ne. Ga ruwa, ga jan gajimare, sai can gefe wani ɗan baƙin abu da aka ce maka shi ne masuncin. Ba ka iya faɗin ko birgi, wato tarun jifa, zai jefa, ko taru yake ja, ko kuwa shan iska kawai ya fito. Kurakuran suna da yawa, amma mafi yawansu daga wuri ɗaya suke tasowa: mai hoto ya fara danne-danne tun bai san yadda aikin da ke gabansa yake tafiya ba.

Na farko shi ne zuwa a lokacin da ya yi maka daidai kai kaɗai. Kowa ya ji cewa hasken sassafe da na yamma sun fi, kuma haka ne. Rana tana ƙasa-ƙasa, haskenta na zuwa ta gefe, yana fito da zaren taru da jijiyoyin hannu. Da ta take tsaka, inuwar malafa ta rufe ido, yashi ya yi ta ƙyalli, hoto ya fito fayau ba armashi. Sai dai masunci ba ruwansa da agogon mai hoto. Cikar teku da janyewarsa yake bi, da iska, da lokacin da kifi ke matsowa. A yawancin gaɓoɓi teku kan cika sau biyu ya janye sau biyu cikin awa 24 da kimanin minti 50. Wato cikar da ka gani yau da ƙarfe shida, gobe sai wajen bakwai saura minti goma. Lokacin tsayuwar wata da cikarsa kuma ruwan ya fi hawa, ya fi ja da baya. Wanda ya yi sammako don haske kawai yana iya tarar da kwale-kwale sun wuce tun da duhu, ba su dawowa sai rana ta ƙwalle. Ka duba jadawalin cikar teku na wurin, ka tambayi masuntan tun ana gobe yaushe za su fita, yaushe za su dawo, sannan ka zaɓi ranar da aikinsu da haskenka suka haɗu. Ka kuma isa da wuri. A ƙasashen da ke kusa da tsakiyar duniya rana miƙewa take yi sama tsaye, haske mai laushin nan ba ya ko kai awa guda.

Sai raɓewa daga nesa da dogon lens, wato gilashin gaban kyamara mai jawo nesa kusa, ana satar hoto. Mutumin da ya saba hango motsin kifi a ƙarƙashin ruwa, kai ne ba zai gani ba? Ya gan ka, kuma zai juya maka baya ko ya ɗaure fuska. Ka ƙarasa, kyamara na rataye, ka ce: "Sannu da aiki, Baba. Ko za ku ba ni dama in ɗauke ku hoto kuna aiki?" In ya ƙi, ka yi godiya ka yi gaba. In ya nemi wani abu, ku daidaita tun kafin ka ɗaga kyamara. In kuwa hoton na talla ne ko na sayarwa, ka faɗa masa ƙarara, ka samu amincewarsa a rubuce.

Akwai kuma wanda in aka ba shi dama sai ya zarce, ya mayar da masunci ɗan wasa: "Sake jefawa, ban samu ba. Juyo nan. Ɗaga kifin sama." Birgi jiƙaƙƙe nauyi gare shi, ga dalma jere a bakinsa, tattara shi da shirya shi kan ɗauki mintoci, kuma duk jifan da aka yi a banza korar kifi ne. Ban da haka, jifan da aka yi don kyamara ba ya ɓoyuwa a hoto. Idon mutumin na kanka maimakon kan ruwa, jikinsa a sake, babu wannan ɗaurewar ta mai farauta. A ganina gara jifa na gaske da tarun bai gama buɗewa ba da shiryayye wanda ya buɗe tsaf.

Wurin tsayuwa ma abin lura ne. Kada ka shiga tsakaninsa da ruwa, kada inuwarka ta faɗa kan ruwa marar zurfi inda yake fako, kada ka taka taru da aka shanya. In babban taru ake ja daga gaɓa, layi biyu na mutane kowanne da igiyarsa, ka nisanci igiyar da ta ɗame, domin in ta tsinke ko ta zame dukanta ba wasa ba ne. Kuma kada ka ba teku baya kana leƙen kyamara.

Yanzu ga inda aka fi asarar hoto, wato jifan kansa. Ka ajiye kyamara ka kalli jifa biyu ko uku da idonka. Za ka ga yana naɗe igiya a hannu, ya raba tarun, wani ɓangare a kafaɗa ko damtse, saura a hannuwa. Ya shiga ruwa a hankali, ya tsaya cak yana kallo. Sai ya murɗa ƙugu baya, ya dawo da ƙarfi ya saki. Birgin ya buɗe a sama kamar faifai, kafin ƙiftawar ido ya kife kan ruwa. Masu koyo suna jira sai sun ga ya buɗe sannan su danna, alhali a lokacin an riga an gama, abin da za su samu fantsamar ruwa ce. Murɗa ƙugun nan ita ce alamarka. Ka sa kyamara a kan ɗauka a jere, ka danne maɓalli tun daga nan, kada ka saki sai tarun ya nutse. Ka kuma bar fili mai yawa a ɓangaren da zai jefa, domin birgi in ya buɗe ya fi yadda kake zato faɗi, kuma hoton da aka yanke masa gefen taru ya riga ya lalace.

Ko ka dace da lokacin, in ƙiftawar kyamara, wato ɗan lokacin da take buɗewa haske ya shiga, ta yi jinkiri, tarun dishi-dishi zai fito. Kyamara in aka bar ta a otomatik da sassafe rage sauri take yi don ta samu haske. Jifan birgi na son 1/1000 na daƙiƙa, in kana son ɗigon ruwa ya tsaya ɗaya-ɗaya ka kai 1/2000. Jan taru da ɗinkinsa aiki ne mai natsuwa, 1/250 ya wadatar. Kada tsoron ɗaga ISO, wato ƙarfin kama haske na kyamara, ya hana ka. 800 ko 1600 ba komai ba ne ga kyamarorin yanzu, kuma ɗan tsaki-tsakin da zai fito ana iya rage shi daga baya, amma hoton da ya girgiza ba shi da magani. Ƙofar haske kuma, wato ramin da haske ke bi cikin lens, wajen f/8 ya fi aminci a nan, saboda mutumin da tarun ba a nisa ɗaya suke da kai ba. In ka buɗe ta har f/2.8, ɗayansu ne kawai zai fito tangaran. Fokas ma, wato inda kyamara ke kamawa ya fito tangaran, kan yi yaudara: taru na gittawa gaban mutumin, kyamara ta bar shi ta kama taru, ko ta kama kumfar igiyar ruwa. Ka zaɓi fokas mai bin motsi, ka ɗora ɗigonsa a kan fuska ko ƙirji, ko kuma ka saita shi tun yana tsaye ka kulle.

Baƙar fuska ita ce ƙorafin da aka fi ji. Ma'aunin hasken kyamara an gina shi ne ya mayar da komai tsaka-tsaki, launin toka mai mayar da kusan kashi 18 cikin ɗari na haske. Da ya ga farin yashi da ruwa mai ƙyalli sai ya ɗauka haske ya yi yawa, ya rage, fuskar masunci ta dulmiye cikin duhu, balle in yana da duhun fata ko yana ƙarƙashin malafa. Ka ƙara haske da +0.7 ko +1, ko ka auna daga fuskar kai tsaye. A waya, ka danna fuskar ka riƙe har ta kulle, sannan ka ja hasken sama kaɗan. Allon kyamara a cikin rana ba abin yarda ba ne, jadawalin haske da kyamarar ke nunawa, mai auna yawan duhu da hasken hoto, shi za ka duba. In kyamararka na ɗaukar RAW, wato ɗanyen hoto da kyamara ba ta sarrafa ba, ka yi amfani da shi, ya fi ba ka damar ceto inuwa.

In kuwa da gangan kake son siffarsa ta fito baƙa ƙirin a gaban jar rana, to ka yi ta sosai: ka auna hasken sama, ka rage da -1 ko fiye. Abin da ke ɓata irin wannan hoto shi ne cuɗewa. Mutumin ya haɗe da kwale-kwale, ko da duhun ruwa, ya zama dunƙule ɗaya. Ka durƙusa, ko ka kwanta ma, har jikinsa ya fita cikin sarari, ka jira lokacin da hannuwa da ƙafafu suka rabu da juna.

Durƙuson nan na maganin wata matsalar. Wanda ya ɗauki hoto a tsaye, layin da sama ta haɗu da ruwa yakan ratsa wuyan masunci ko kansa. Ka sauka ko ka hau tudu, layin ya koma ƙugu ko ya wuce saman kai. Kada kuma ya karkace. Ido na iya yafe karkataccen dutse, amma teku mai gangara ko yaro ya san ba daidai ba ne. Ka kunna layukan saiti na allo. Miƙar da hoto a kwamfuta na cin gefe-gefensa, wani dalili ke nan na barin fili.

Mutane kan tattara kaya da zarar sun samu jifa ɗaya mai kyau, alhali rabin aikin ne suka gani. Ka matsa kusa da lens na 35mm ko makamancinsa lokacin da ya fito da tarun. Yatsu da suka yi yaushi don daɗewa a ruwa suna zare kifi daga zare, farin gishiri ya bushe a damtse, sawun igiya a tafin hannu, babban yatsan ƙafa ya danne taru ana ɗinke inda ya yage. Har ranar da tarun ya fito wayam, fuskar mutumin yana sake naɗe igiya hoto ce. Mai waya ya taka da ƙafa ya matsa. Zum ɗin da ake ja da yatsu, in ya wuce ƙarfin lens ɗin wayar, yanka hoton kawai yake yi ya kumbura shi.

Filta mai kashe ƙyalli, gilashin da ake ɗaurawa a bakin lens, na da amfani, tana sa a ga cikin ruwa, sama ta ƙara shuɗi, musamman in rana na gefenka. Amma tana cinye fiye da rabin hasken da ke shiga, abin da kake buƙata don saurin ƙiftawa, kuma tana dushe walƙiyar jiƙaƙƙiyar fata da ɓawon kifi. Lokacin jifa ni dai cire ta nake ba da shawara. Wajen gyara a kwamfuta kuma a sassauta wa launi. Sama da aka cika wa ja har ta wuce hankali janye ido take yi daga kan mutumin.

Saura kayan aikin. Iskar teku na ɗauke da gishiri ko da ruwa bai taɓa ka ba, gishiri kuma tsatsa yake kawowa. Kada ka canza lens a fili, ka zaɓi ɗaya tun daga masauki. Kada ka ajiye jaka a kan yashi. In lens ya yi hazo, ka fara hure shi da abin hura iska kafin ka goge, domin ƙwayar yashi ɗaya a ƙarƙashin ƙyalle ta isa ta karce gilashi. Kyamarar da ta kwana a ɗaki mai na'urar sanyi gumi take yi da ta fito iska mai ɗumi, saboda haka ka bar ta cikin jaka a rufe ta saba da zafin waje tukuna. Sanda mai ƙafa uku da ake ɗora kyamara a kai nutsewa take yi a jiƙaƙƙen yashi duk lokacin da igiyar ruwa ta koma, kada ka sake ta ka matsa. Wayar da aka ce ba ta shan ruwa, mai lambar IP68, a ruwan daɗi aka gwada ta, na teku daban ne. Da ka dawo, ka goge jikin kyamara da ƙyalle mai ɗan danshin ruwan daɗi, ka zare ƙafafun sandar ka ɗauraye su, ka bar komai ya bushe kafin ka rufe jaka.