Kurakuran Masu Hawan Keke a Birtaniya Idan Hunturu Ya Zo da Sauƙin Sanyi

A watan Disamban 2015 matsakaicin ma'aunin zafi a faɗin Birtaniya ya kai digiri 7.9, wato ya ɗara abin da aka saba gani da kusan digiri 4, kuma hukumar hasashen yanayi ta ƙasar ba ta taɓa rubuta Disamba mai ɗumi kamarsa ba. A cikin wannan watan ne kuma guguwar da aka yi wa laƙabi da Desmond ta zubar da ruwan sama milimita 341.4 cikin sa'o'i 24 a Honister Pass da ke yankin Cumbria, har ambaliya ta mamaye dubban gidaje a birnin Carlisle. Haka aka sake gani a hunturun 2019 zuwa 2020, wanda ya kafa tarihin ɗumi a nahiyar Turai, amma ya ƙare da Fabrairu mafi yawan ruwan sama da aka taɓa aunawa a Birtaniya. Dalilin wannan haɗuwa a fili yake: iskar da ke rage kaifin sanyin daga Tekun Atlantika take tasowa, ta yamma ko kudu maso yamma, kuma ɗauke take zuwa da danshi, da gajimare, da ƙarfi. Saboda haka duk wanda ke hawan keke a can, ko ɗalibi mai zuwa jami'a ko mai kai wa mutane abinci gidajensu, kuma akwai Hausawa a cikin duka biyun, ya kamata ya sani cewa abin da ya ragu a irin wannan shekara sanyi ne kawai. Duhu yana nan yadda yake, ruwa da iska kuwa ƙaruwa suke yi, kuma yawancin kurakuran da ake tafkawa sun samo asali ne daga dogara da lambar da waya ta nuna da safe.

Kuskure mafi sauƙin gyara shi ne fita babu fitila. Ɗumin iska yana sa mutum ya ji kamar bazara ta matso, alhali kuwa a ƙarshen Disamba rana tana faɗuwa a Landan kafin ƙarfe huɗu na yamma, yinin gaba ɗaya bai cika sa'o'i 8 ba, a Edinbara ma bai kai haka ba. Doka ta wajabta farar fitila a gaba da jar fitila a baya daga faɗuwar rana zuwa fitowarta, tare da jan madubi mai mayar da haske a baya da masu ruwan ɗorawa a jikin feda. Abin da ya fi dacewa shi ne a bar fitilun a ɗaure a jikin keke tun daga Oktoba har zuwa Maris, a riƙa yi musu caji a kan kari, a kuma kunna su ko da rana ce idan gari ya lumshe, domin direban da gilashin motarsa ya jiƙe ba ya hango mai baƙar riga sai ya zo dab da shi. A sunkuyar da ta gaba kaɗan don kada ta kashe wa masu tahowa ido.

Wanda ya fi wannan haɗari shi ne zaton cewa babu ƙanƙara a kan titi muddin ma'auni bai sauka zuwa sifili ba. Ma'aunin da ake sanarwa na iska ne, kuma ana ɗaukarsa a sama da ƙasa da fiye da mita guda. A daren da gajimare ya washe iska kuma ta kwanta, kwalta tana sakin zafinta da sauri, har fuskar titi ta daskare alhali hasashe yana cewa digiri 3 ko 4. Hunturu mai ɗumi ya fi iya shirya wannan tarko, saboda titi a jiƙe yake kusan kullum, dare ɗaya tak na sararin sama ya isa ya mayar da wannan danshi wata siririyar ƙanƙara mai kama da gilashi, wadda ido ba ya bambanta ta da jiƙaƙƙiyar kwalta. A shekarar da dusar ƙanƙara ta rufe ko'ina, kowa yana fita da shirinsa. A shekarar da babu ita, mutane sun saki jiki, kuma a nan ake samun karayar ƙashin wuya da na tsintsiyar hannu. Wuraren da suka fi saurin daskarewa su ne gadoji, domin iska tana ratsa su ta sama da ta ƙasa, sai kwaruruka inda iska mai sanyi ke taruwa, da sassan hanya da inuwar bishiyoyi ko ta gine-gine ba ta barin rana ta taɓa su.

Gyaran yana farawa tun daren jiya. Idan an ga taurari tar a sama, aka kuma wayi gari gilashin motocin da suka kwana a waje ya yi fari, to a ɗauka akwai santsi ko da waya ta ce babu. A irin wannan safiya gara a bi babban titi, duk da cunkosonsa, saboda ƙananan hukumomi manyan hanyoyi da hanyoyin bas suke fara watsa wa gishiri, lunguna da yawancin hanyoyin keke kuwa sukan zo daga baya ko a tsallake su baki ɗaya. Wanda ya tsinci kansa a kan santsi kada ya damƙe birkin gaba, kada kuma ya karya kan keke da ƙarfi. Ya daina taka feda, ya miƙe sak har ya wuce wurin, idan kuma tilas ne ya rage gudu, ya taɓa birkin baya a hankali. Idan hanyar ta yi muni, saukowa a tura keken ba abin kunya ba ne.

Batun sutura kuma ana kuskurensa ta fuska biyu. Wasu suna jibga rigunan sanyi masu kauri kamar yadda kalanda ta nuna, su yi tafiyar minti goma gumi ya jiƙa su sharkaf, sannan da zarar sun tsaya a danja ko sun fara gangara sai wannan gumin ya huce a jikinsu. Wasu kuma suna ganin digiri 10 sai su fita da riga mara nauyi, ruwa ya tare su a hanya. Duka biyun wuri ɗaya suke ƙarewa, domin ruwa yana kwashe zafin jiki fiye da iska nesa ba kusa ba, kuma jiƙaƙƙen mutum a digiri 7 cikin iska ya fi shan wahala a kan busasshen mutum a digiri sifili. Wanda ya taso da hunturun Kano ko na Damagaram ya saba da busasshen sanyi wanda rana ke kora kafin hantsi, shi ya sa yakan raina wannan mai danshin, wanda ke iya wuni bai motsa ba. Auduga ce babbar matsala, tunda tana shan ruwa ta riƙe, don haka wandon jins da singiletin auduga ba kayan wannan tafiya ba ne. Abin da ya dace shi ne riguna marasa kauri guda biyu ko uku, ta ciki ta ulu ko ta yadin roba mai saurin bushewa, ta waje kuma mai tare iska da ruwa wadda ke da zif da za a iya zugewa idan jiki ya ɗauki zafi. Ƙa'idar da gogaggun mahaya ke bi ita ce mutum ya bar gida yana ɗan jin sanyi, domin taka feda zai cike sauran.

Hannu da ƙafa ne suka fi saurin mutuwa, kuma yatsun da suka sandare ba sa iya matsa birki yadda ya kamata. Mai wuni a waje yana kai saƙo ya ajiye safar hannu ta biyu da busasshiyar safar ƙafa a cikin leda. Idan kuwa rawar ɗari ta ƙi tsayawa, magana ta fara sarƙewa, ko tunani ya fara rikicewa, alama ce zafin jiki yana sauka ƙasa da digiri 35, kuma wajibi ne a shiga wuri mai ɗumi a cire jiƙaƙƙun kaya, a kira lambar gaggawa ta 999 idan abin bai lafa ba.

Akwai kuma masu ratsa kududdufi da gudu. Ruwan sama mai yawa, haɗe da daskarewa da narkewar da ke maimaituwa a tsagogin kwalta, shi ke buɗe ramuka, kuma ramin da ruwa ya cika ba ya nuna zurfinsa. A kauce masa idan hanya ta ba da dama, bayan an waiga an ba da hannu. Rakuɓewa a bakin titi ma kuskure ne, domin nan ne ruwa da ruɓaɓɓen ganye da fasassun kwalabe suke taruwa, kuma ƙa'idojin hanya da aka sabunta a 2022 sun shawarci mai keke ya bar aƙalla rabin mita tsakaninsa da gefen titi. Murfin ƙarfe na magudanar ruwa da farin fentin da aka zana a titi suna da santsi idan sun jiƙe, saboda haka ba a taka birki ko shan kwana a kansu. Ruwan ambaliya kuwa ba a shigarsa sam, tunda mai gudu wanda bai wuce santimita 15 ba yana iya kayar da babban mutum.

Keken kansa yana shan wuya a irin wannan hunturu fiye da yadda mai shi ke zato. Gishirin da aka watsa saboda dare ɗaya na sanyi yana narkewa cikin ruwan sama, taya ta feso shi a sarƙa da giya da birki, tsatsa kuma ta bayyana cikin 'yan kwanaki. Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne a tsiyaya mai a kan dattin da ke jikin sarƙa, wani lokacin ma baƙin man inji, wanda ke haɗuwa da yashi ya zama kamar wasa wuƙa, yana cin haƙoran giya a hankali. Hanyar da ta dace ita ce a goge sarƙar da tsumma bayan kowace tafiya cikin ruwa, a ɗiga man da aka yi musamman don damina a kowace gaɓa, a juya feda baya sau da yawa, sannan a goge abin da ya rage a waje, domin man da ke cikin gaɓoɓi ne ke aiki. Akwai ɗan ƙarfen awo mai araha da ke nuna yadda sarƙa ta saki; idan ya nuna 0.75 cikin ɗari, ko 0.5 ga keke mai giya 11 zuwa sama a baya, a canza ta kafin ta lalata giyar, wadda ta fi ta tsada. Wanki kuma da bokiti da soso ake yinsa, saboda injin fesa ruwa mai ƙarfi yana kore giris daga cikin boris. A ganina babu kuɗin da ya fi amfani a wannan fanni kamar na cikakken madigadi gaba da baya, domin yana kare bayan mahayi da ƙafarsa da sarƙarsa a lokaci guda.

Birki yana buƙatar dubawa duk mako. Mai kama gefen wili yana ɗaukar ɗan lokaci kafin ya share ruwa ya kama, don haka a fara matsa shi tun da nisa, kuma yashin da ke maƙalewa a robarsa yana cinye ta cikin makonni, ya ci wilin ma. Mai faifai ya fi kamawa cikin ruwa, amma ko ɗigon mai ya taɓa faifan to ya lalata aikinsa. Taya ma haka: ruwa yana sauƙaƙa wa gilashi da tsakuwa huda roba, shi ya sa faci ke yawaita a shekara mai ruwa. A rage iskar taya kaɗan daga yadda ake buga ta da rani don ta ƙara kama ƙasa, a riƙa cire ɓarɓashin da ya maƙale mata, a kuma tafi da tiyub na ajiya da ƙaramin famfo, domin faci ba ya kamawa da kyau a jiƙaƙƙiyar roba, kuma babu mai faci a bakin hanya.

Iska ma ana mantawa da ita, saboda mutane digiri suke dubawa su bar ƙarfin bugawarta. Idan hukumar yanayi ta fitar da gargaɗin iska, mai launin rawaya ko ruwan lemo ko ja, haɗarin yana wurin bugun da ke zuwa ta gefe ba zato, a kan gada, ko a tsakanin dogayen gine-gine, ko lokacin da babbar mota ta wuce, kuma babbar jakar da masu kai abinci ke goyawa tana ƙara wa iskar wurin kamawa. Mai fita don motsa jiki ya fara da fuskantar iskar tun yana da ƙarfinsa, ta turo shi ta baya idan zai dawo.

Na ƙarshe shi ne gaggawar ajiye kayan sanyi. A ranar 26 ga Fabrairun 2019 ma'auni ya kai digiri 21.2 a lambun Kew da ke Landan, abin da ba a taɓa gani ba a watannin hunturu, amma shekara ɗaya kafin nan, a daidai wannan makon, iskar da ta taso daga Saiberiya ta lulluɓe ƙasar da dusar ƙanƙara har ta tsayar da jiragen ƙasa da makarantu. A 2013 kuwa watan Maris ya fi Disamba da Janairu da Fabrairun da suka gabace shi sanyi. Don haka safar hannu mai kauri da rigar ciki ta ulu su zauna a kusa har zuwa Afrilu. Mai keken lantarki kuma ya ci gaba da shigar da batirinsa cikin gida, ya bari ya ɗan yi ɗumi bayan sanyin waje kafin ya sa shi a caji da ainihin cajar da ta zo da shi, nesa da ƙofar fita, domin yi wa batirin litiyam caji a ƙasa da digiri sifili yana rage masa kwana.