Kura, akuya da fawa-bank: inda ake kuskure a kwale-kwale da a jirgi

Mai kwale-kwale yana bakin Binuwai a Garwa, zai haye da kura da akuya da damin harawa, kwale-kwalen kuwa ba ya ɗaukar kowa sai shi da abu guda. In ya bar kura da akuya, an gama da akuya. In ya bar akuya da harawa, an gama da harawa. Tsohuwar wasa ƙwaƙwalwa ce, tun wajen shekarar 800 an rubuta ta da Latin a Turai, sai dai tasu kyarkeci ne da kabeji.

Yawancin mutane da kura suke farawa, wai ita ce mai haɗari. Kafin su dawo akuya ta ƙoshi. Wanda ya ɗan nutsu zai fara da akuya, tunda kura ba ta cin harawa, amma a zuwa na biyu yake kafewa: ko me ya kai, ya haɗa maci da abincinsa a wancan gaci. Abin da ba ya zuwa wa mutane a rai shi ne ana iya dawowa da kaya. Ka kai akuya, ka dawo, ka kai kura, ka dawo da akuya, ka ajiye ta ka ɗauki harawa, ka dawo hannu rabbana, ka ɗauko akuya. Haye bakwai ke nan.

Mai haɗa kayan tafiya a filin jirgin Garwa ko Marwa ko Injamena ma yana da abin da ba a sake wa ido, wato fawa-bank. Wasu sukan cusa shi cikin babban akwatin awo, wanda ake kaiwa ƙasan jirgi, don jakar hannu ta yi sauƙi, alhali doka ta hana. Batirin lithium yakan kama da wuta, kuma in a ɗakin fasinjoji ne ma'aikata za su gani su kashe, a ƙasan jirgi kuwa ba mai gani. Iyakar da aka saba ita ce Wh 100 (Wh shi ne ma'aunin yawan wutar da batiri ke ɗauka). Duba bayansa: mai mAh 20,000 yana kan Wh 74, bai kai iyakar ba, za a bar shi ya shiga. Daga 100 zuwa 160 sai da izinin kamfanin jirgi, abin da ya haura haka a gida zai kwana. Wanda rubutun bayansa ya goge ma ana iya ƙwace shi. In jirgi ya cika aka karɓi jakar hannunka a bakin ƙofa za a kai ƙasa, tsaya ka zaro fawa-bank ɗin tukuna, ko da na bayanka suna tsaki.

Wuƙa, almakashi da rezar aski su kuma akasin haka ne, akwatin awo ne wurinsu.

Inda hajiyoyinmu suka fi zubar da hawaye shi ne kan ruwa-ruwa. Tun 2006 doka a yawancin filayen jirgin sama na duniya ita ce kowace kwalba kada ta wuce mililita 100, duka kuma su shiga leda ɗaya mai nuna ciki, ta lita 1. Girman kwalbar ake dubawa, ba abin da ya rage a ciki ba. Kwalbar humra mai 250 ko da saura kaɗan a gindinta, "Malam, ai ta kusa ƙarewa" ba ya cetonta, tana gani za a jefa a kwando. Zuma, man shanu da man shafawa duk a ruwa ake lissafa su. A juye a ƙananan kwalabe tun daga gida, ko a ɗaure bakin da leda a sa a akwatin awo. Maganin sha da madarar jariri an yi musu sassauci, amma a fito da su a nuna, da takardar likita in akwai.

Nauyin jakar hannu galibi kilo 7 ne ko 8, yana rubuce a tikiti. Kilishi kuma zai wuce injin bincike lafiya lau, amma mai zuwa Faransa ya cinye shi a hanya, domin ƙasashen Tarayyar Turai ba sa barin matafiyi ya shigo da nama ko madara daga ƙasashenmu.