Yadda Ake Haɗa Katako da Gam ɗin Epoksi

Epoksi gam ne mai ruwa biyu: ainihin gam ɗin, da kuma ruwan da ke sa shi sandarewa. Sai an gauraya su yake kamawa. Idan ya kama, ruwa ba ya sakin sa kamar yadda yake sakin farin gam ɗin kafinta, shi ya sa masu ƙera jiragen ruwa na katako suke ji da shi.

Fara da katakon. Ya zama busasshe, danshinsa bai wuce kashi 12 cikin ɗari ba. Wanda aka sayo ɗanye da damina a bar shi ya sha iska tukuna. Goge fuskokin da za su haɗu da sanfefa mai kaushi, lamba 80, ka kakkaɓe ƙurar tas. Katako mai maiƙo, irin tik, a shafe shi da asiton, wato ruwan sinadari mai cire maiƙo, a bar shi ya bushe.

Awo ne wurin da yawancin mutane ke ɓata aiki. Wani epoksin ɗaya da ɗaya ake haɗawa, wani biyu da ɗaya, wani biyar da ɗaya, kuma an rubuta a jikin gwangwani. Kar ka ƙara ruwan sandarewa wai don ya yi sauri, zai bar maka gam mai danƙo da ba zai taɓa ƙarfi ba. Juya shi minti biyu, kana kankare gefe da gindin kofin. Kuma ka dama kaɗan-kaɗan, musamman a zafin Afrilu: epoksi da ya taru a kofi yana ɗaukar zafi da kansa, kafin ka ankara kofin ya yi zafi a hannu, abin ciki ya daskare kamar alewa. Juye shi a faffaɗan faranti, ka yi aikin da sassafe.

Shafi sau biyu ne. Na farko tsinkakke a fuskokin biyu, don katakon ya sha, musamman bakin yanka. Sannan ka zuba lallausar dusar katako a sauran gam ɗin har ya yi kauri kamar tunkuza mai laushi, ka shafa, ka haɗa.

Matsewa kuwa a hankali. Da zarar gam ya ɗan tsatso a gefe, ya isa. In ka danne da ƙarfi za ka matse shi duka waje, haɗin ya zauna babu komai. Kwashe wanda ya fito tun yana ɗanye.

In sirara-siraran katako kake jerawa don yin lanƙwasa, kamar bayan kujera, shimfiɗa leda a kan abin da za ka lanƙwasa su a kai, domin epoksi ba ya kama leda. Fara matsewa daga tsakiya zuwa gefe.

Bar shi awa 24, da sanyin hunturu ma fiye. Sa safar hannu tun farko, don yana jawo ƙaiƙayin fata. In ya taɓa ka, sabulu da ruwa, ban da tina. Abin da zai zauna a rana kuma a yi masa fenti, hasken rana na lalata epoksi.