Yadda za ka karanta ilimin halayyar jama'a ba tare da ka haɗiye komai ba

Ga ɗalibanmu na Gusau da ke fama da wannan kwas, duk binciken da aka kawo maku a lakca ku fara tambaya a ina aka yi shi, da su wa, a wace shekara. Wani mai bincike, Solomon Asch, ya yi gwajin gane layin da tsawonsa ya zo daidai da na wani a 1951 da samarin jami'a a Amurka, a tara mutane su haɗa baki su faɗi amsar da ido ke ganin ba daidai ba ce a gaban saurayi ɗaya da bai san da shirin ba, sai aka tarar wajen kashi ɗaya cikin uku na amsoshin samarin da ba su san shirin ba sun bi taro. To amma da masu bincike Bond da Smith suka tattara irin gwajin daga ƙasashe 17 a 1996 sai ga shi a ƙasashen da ake fifita jama'a kan mutum ɗaya bin taron ya fi yawa. Yanzu kai ka duba majalisar unguwarku, dattijo ya yi magana yaro ya yi shiru ya sunkuyar da kai, wannan tsoron taro ne ko tarbiyya? Ni dai ina ganin ba abu ɗaya ba ne, kuma nan ne firojek ɗinka yake.

Sai ka bi tarihin mai binciken. Kurt Lewin, ɗaya daga cikin iyayen wannan fanni, gudu ya yi daga Jamus a 1933 saboda 'yan Nazi. Stanley Milgram ya fara nasa gwajin na biyayya, wato ganin ko mutum zai cutar da wani in an ba shi umarni, a jami'ar Yale a 1961 da kisan Yahudawa a ransa. Henri Tajfel kuwa danginsa aka kashe a yaƙin duniya na biyu, shi ya sa a jami'ar Bristol ta Ingila ya dage kan tambayar me ke sa mutum ya fifita ɓangarensa, ya raba yaran makaranta gida biyu kan abin da bai taka kara ya karya ba, suka kama fifita nasu. Wallahi duk wanda ya ga yadda zaman manoma da makiyaya ya lalace a Zamfara ya kamata ya karanta Tajfel a tsanake.

Kar ka tsaya Turai da Amurka. A Filifin, Virgilio Enriquez ya ce su gina ilimin da harshensu tun shekarun 1970, mu nan jami'ar Nsukka ta buɗe sashen ilimin halayyar ɗan Adam a 1964.

In za ka fita tattara bayani, fara da gaida mai unguwa ka faɗi abin da ya kawo ka. Kar ka yi wa mutum tambaya a gaban jama'a, “haka ne” kawai za ka samu saboda kara, ja shi gefe ku zauna kan tabarma ku yi hira da Hausa. Cikin gida kuwa nemi abokiyar karatu mace ta shiga wajen mata, kuma takardar tambayoyin da ka sauke a intanet fara gwada ta da mutum biyar ko shida, inda suka yi turus ka gyara kafin ka kai ta wajen buga kwafi.